Wayar inbata tana zafi, inbata tana kuka, batir kuma sabo ne

Sani Mai Shago: Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masana wuta a taimaka min. An haɗa min sola a shago, batir ɗaya 200Ah mai bolt 12, da inbata mai wat 1000. Kayan da nake ɗorawa ba wasu masu yawa ba ne, ƙaramar firiza ta ruwan sanyi, fanka, talabijin sai ƙwan fitila huɗu, wanda ya haɗa ya ce duka ba za su wuce wat 300 ba. To matsalar ita ce da yamma in firiza ta tashi sai inbata ta kama kuka tii tii wai batir ya yi ƙasa, wani lokacin ma ta ɗauke gaba ɗaya, alhali in na sa mitar gwaji a kan batirin 12.4 nake gani. Sannan wayar da ta taso daga batir zuwa inbata zafi take har ba ka son riƙewa. Abin da ya ɗaure min kai irin wannan wayar ce mai kauri 2.5 a soket ɗin gidana, har dutsen guga ake sawa a kai ko ɗumi ba ta yi. Ina matsalar take?

Ɗan Baba: Wa alaikumus salam. Oga an sayar maka da mataccen batir kawai, ka mayar musu tun kafin su ce ba su san ka ba

Sani Mai Shago: Sabo ne fa a kwali, a gabana aka yage ledar

Ɗan Baba: Hhhh leda ai ko ni zan iya naɗawa

Oga Ɗanladi Wayarin: Sani tsaya tukuna kar ka ɗauki batir ka kai kasuwa a banza. Tsakanin batirin da inbata tazarar nawa ce? Kuma wayar 2.5 ɗin guda ɗaya ce ja guda ɗaya baƙa, ko an ninka?

Sani Mai Shago: Baba Ɗanladi barka da dare. Batirin yana sito ta baya saboda yara masu shigowa, inbata kuma tana kusa da kanta inda nake zama. Zai kai mita 5. Ja ɗaya baƙa ɗaya ne ba a ninka ba.

Oga Ɗanladi Wayarin: Shi ke nan an gama magana. Batirinka lafiyarsa ƙalau, wayar ce ke cinye wutar a hanya. Wanda ya yi maka wannan aikin wayarin gida ya iya, bai saba da batir ba. Ka kai inbata gindin batir, ka sa kebul mai kauri 16 ko 25, in ya so wutar da ta fito daga inbata ita ka ja ta da 2.5 ɗin har bakin titi in ka ga dama.

Ɗan Baba: Baba da girmanka, waya ai waya ce. Wadda ta ɗauki dutsen guga mai wat 1000 ita ce za ta kasa ɗaukar 300? Lissafin bai fita ba

Malam Kabiru Fiziks: Lissafin ya fita sarai Ɗan Baba, kai ne kake kallon wat, ita kuwa waya ba ruwanta da wat, karant take ji, wato yawan wutar da ke ratsa ta, wanda ake aunawa da amfiya. Wat kuma boltej ne sau karant. Dutsen guga mai wat 1000 a wutar nepa mai bolt 230, raba 1000 da 230, amfiya 4 da 'yan kai ke nan. Kayan Sani wat 300 ne amma daga batir mai bolt 12 suke sha, raba 300 da 12, amfiya 25. Ka ga kayan da ka raina sun fi dutsen gugan wahalar da waya kusan sau shida.

Yanzu mu zo kan wayar. Kowace waya tana da turjiya, ba ta barin wuta ta wuce kyauta, ana auna wannan da om. Wayar kofa, wato jan ƙarfe, mai kauri 2.5 tana da wajen om 0.0074 a kowace mita. Sani ya ce mita 5, amma wuta zuwa take ta dawo, ja da baƙa, mita 10 ke nan, om 0.074. Dokar Ohm ta ce boltej da ya faɗi a kan abu daidai yake da karant sau turjiya. 25 sau 0.074 ya ba mu 1.85. Ma'ana batir ya bayar da 12.4 amma abin da ya isa bakin inbata wajen 10.5 ne, kuma yawancin inbatocin bolt 12 a daidai wannan wurin suke fara kuka. Ita inbata ba ta san akwai batir a sito ba, abin da ya zo bakinta kawai take gani.

Maman Khairat: Malam Allah ya ƙara ilimi, ni dai daga wajen 0.0074 ɗin nan na sauka daga motar

Malam Kabiru Fiziks: Hajiya riƙe wannan kawai, doguwar waya siririya tana cin boltej, kuma gwargwadon yawan karant gwargwadon cin da za ta yi. A soket ɗin gida waccan mita 10 ɗin da wat 300 abin da za ta ci bai wuce bolt 0.1 ba cikin 230, wa zai lura? A batir kuwa ta ci kusan 2 cikin 12.

Sani Mai Shago: To zafin fa Malam?

Malam Kabiru Fiziks: Boltej ɗin da ya faɗi a hanya ai ba ɓacewa ya yi ba, zafi ya koma. Karant sau karant sau turjiya, 25 sau 25 sau 0.074, wajen wat 46. Wato kana da wata 'yar hita a kwance a bangon shagonka kana ciyar da ita daga batirinka ba ka sani ba. Kuma abin yana ƙara lalacewa ne da kansa, don in boltej ya ragu a bakin inbata sai ta ƙara jan karant don ta cika wat 300 ɗin da aka ɗora mata, karant ya ƙaru faɗuwar ta ƙaru, ga firiza kuma lokacin tashi tana fizgar ninkin abin da take ci in ta daidaita. Nan take ɗaukewa.

Ummi SS3: Malam ina wuni, afuwan zan yi tambaya. A makaranta an koya mana karant daidai yake da boltej a raba da turjiya, in boltej ya sauka karant ma sauka yake. Amma yanzu ka ce boltej ya ragu sai inbata ta ƙara jan karant. Wanne ne daidai? Kar in je WAEC in rubuta shirme

Abdul Sola: Yawwa ƙanwata kin kama su. Ni kullum ina faɗa, wannan dokar ta allo ce da jarrabawa, in ka fito fili wani abu daban za ka gani. Mu da muke kan rufin mutane kullum mun san in wuta ta yi ƙasa kaya ƙonewa suke saboda karant ya hau, to ina Ohm ɗin yake a nan

Malam Kabiru Fiziks: Abdul yanzu fa da dokar na lissafa maka faɗuwar boltej a wayar Sani, kuma gobe ya sa mita ya gwada mu gani in allo ne kawai

Abdul Sola: Ai ban ce wayar ba ta yi siriri ba, wannan ko yaron shagona ya sani ba sai da kalkuleta ba. Tambayar yarinyar nan za ka amsa

Bala Riwayin: Ni dai ban yi boko mai nisa ba amma abin da Abdul ya faɗa ina ganinsa a teburina. Duk lokacin zafi da wuta ke zuwa rabi rabi, nan ne ake cika min shago da samo na rijiyar burtsatse da kwamfiresa da injin markaɗe, ka buɗe ka tarar koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke ciki, ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙauri. In da karant sauka yake in wuta ta yi ƙasa me zai ƙona koyil?

Maman Khairat: Wlh Malam Bala kamar ka san abin da ya samu firizata bara. Amma kuma abin mamaki, a irin wannan wutar in na sa hita a bokiti sai ta yi ta jan rai ruwa ya ƙi zafi, ita ba ta ƙonewa sanyi ma take. Wuta ɗaya gida ɗaya, wani ya ƙone wani ya yi sanyi

Injiniya Hauwa: Maman Khairat ke kika kawo amsar ma ba ki sani ba. Ummi matso kusa. Abin da aka koya miki daidai ne, sharaɗinsa kawai ake mantawa, sai in turjiyar ba ta canzawa. Hita waya ce kawai da aka naɗe, turjiyarta kusan a tsaye take. Hita mai wat 1000 a bolt 230 tana da wajen om 53. In wuta ta cika tana jan amfiya 4.3. In wuta ta faɗo 160, raba 160 da 53, amfiya 3, zafin da take bayarwa kuma ya dawo ƙasa da wat 500. Shi ya sa ruwan Hajiya ya ƙi tafasa. Nan dokar ta yi aiki tsaf yadda take a littafi.

Moto kuwa, wato injin da ke juyawa a cikin firiza ko samo, ba haka yake ba. In yana juyawa shi kansa yana haifar da wani boltej a cikin koyil ɗinsa da ke tokare wanda ke shigowa, wannan ne ke hana shi jan karant da yawa. In wuta ta yi rauni ga kaya a kansa, ruwa ne yake turowa daga ƙasa ko gas yake matsawa, sai gudunsa ya ragu, tokarewar ta ragu, karant ya hau. In ma ya kasa tashi gaba ɗaya yana ta gurnani, to babu abin da ya rage tsakaninsa da wutar sai 'yar turjiyar koyil wadda ba ta taka kara ta karya ba, nan ne yake gasa kansa ya tafi wurin Malam Bala. Inbata da cajar waya su kuma da gangan aka ƙera su su riƙe wat ɗin da ake nema, in boltej ya ragu su cike giɓin da karant.

Saboda haka Abdul ba dokar ce ta ƙarye ba, kai ne ka ɗora ta a kan abin da turjiyarsa ba a tsaye take ba. Ka ɗora ta a kan wayar, ka ɗora ta a kan koyil ɗin, za ka ga ko kwabo ba ta rage ba.

Ummi SS3: Anti na gode sosai wlh yanzu na gane. To a jarrabawa fa?

Injiniya Hauwa: A jarrabawa in an ba ki resisto ki yi yadda aka koya miki. Kuma kar ki manta da ƙarashen dokar da ɗalibai ke yarwa, matuƙar zafin abin bai canza ba. Akwai maki a wurin.

Malam Kabiru Fiziks: Sosai. Ummi in kuna da tsohon ƙwan fitila mai zare a gida, mai wat 60, ki sa mita ki auna shi a kashe, ba zai kai om 100 ba. Amma in yana ci a bolt 230 lissafi zai ba ki wajen 880. Zaren ne in ya yi zafi turjiyarsa ke hawa. Shi ya sa irin waɗannan ƙwan suka fi mutuwa daidai lokacin da aka kunna su, zaren na sanyi, karant ya shigo da ƙarfi.

Shi ma mai dokar, Georg Ohm, malamin makaranta ne a Jamus, a birnin Kolon, a 1827 ya fitar da littafin da ya yi bayaninta. Batiran zamaninsa ba sa riƙe ƙarfi ɗaya, kana cikin gwaji suna sauka, sai ya koma amfani da ƙarafa biyu da aka haɗa, gefe ɗaya a ruwan zafi gefe ɗaya a ƙanƙara, don ya samu boltej tsayayye, ya riƙa canza tsawon waya yana dubawa. Wato dai gwajin wayar Sani ya yi. Kuma mutanensa ba su karɓe shi da wuri ba, sai 1841 Turawan Ingila suka ba shi lambar yabo.

Abdul Sola: To Malam ashe shi ma ya sha irin tawa, an ƙi yarda da shi hhhh

Malam Kabiru Fiziks: Shi da awo ya zo Abdul, kai da baki

Admin: Jama'a a yi a hankali, muhawara ce ba dambe ba

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Ni yadda patron ɗina, wato maigidana, ya koya mani kuran, wato aikin wuta, tun ina yaron shago, ya ce ka ɗauki tankin ruwa a sama da tiyo. Tsayin tankin shi ne boltej, ruwan da ke zuba shi ne karant, ƙuncin tiyon shi ne turjiya. Tanki a kan bene ko da siririn tiyo ruwa zai zo da ƙarfi. Tankin Sani kuwa a kan kujera yake, bolt 12, kuma yana son ya cika duro da sauri ta doguwar siririyar tiyo. Ba zai yiwu ba sai ya faɗaɗa tiyo ko ya ɗaga tanki.

Injiniya Hauwa: Malam Isuhu misalin ya yi, a nan dai. Kar dai a bi shi da nisa, don in ka yanke tiyo ruwa zuba yake, in ka yanke waya wuta tsayawa take cak, sai da hanyar komawa take tafiya.

Isuhu Maraɗi: Gaskiya ne Hajiya. Amma maganar ɗaga tanki ita ce ta sa manyan layuka ke da boltej mai yawa ko? Don layin da ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai bolt 132,000 ne

Injiniya Hauwa: Ita ce. Wanda ya taso daga Kainji ma 330,000 ne, a sauke shi zuwa 132,000, sannan 33,000, sannan 11,000, sai taransifomar unguwa ta mayar da shi wanda muke sha a gida. Dalilin kuwa lissafin da Malam Kabiru ya yi ne, asarar hanya karant sau karant ce. In ka ninka boltej sau 10, karant ɗin da zai ɗauki wannan wutar ya ragu sau 10, asara ta ragu sau 100. Ba don haka ba da wutar Kainji a daji za ta ƙare tana ɗumama waya kafin ta iso Kano.

Kuma wutar da ke zuwa rabi a unguwanni sau da yawa ciwon shagon Sani ne ya girma. Gidan da ke gindin taransifoma yana ganin wuta cike, na ƙarshen layi yana ganin ja ja, saboda layin ya yi tsawo, wayar siririya, gidaje sun yi yawa a kai, da magariba kowa ya kunna kaya karant ya hau boltej ya zube a hanya. Ƙarfe biyun dare in mutane sun kashe kaya sai ka ga ta dawo da kanta.

Maman Khairat: Ikon Allah, mu ne na ƙarshen layin kuwa. Ni da na ɗauka da dare ake ƙaro mana ita

Ɗan Baba: To ni tambayata, tunda kun ce batirin Sani yana fitar da amfiya 25 nepa kuma 4 kacal, kuma ana cewa karant ke kisa ba boltej ba, me ya sa nake kama kan batirin mota da hannu biyu ban ji komai ba amma soket ya taɓa jefar da ni?

Oga Ɗanladi Wayarin: Allah ya sa ka gode masa da ya jefar da kai bai riƙe ka ba

Malam Kabiru Fiziks: Wannan ce tambaya mafi kyau da ka yi yau. Batir ba ya tura amfiya 25 cikin duk abin da ya taɓa shi, abin da aka jona ne ke yanke yawan da zai ja, gwargwadon turjiyarsa. Busasshiyar fatar mutum turjiyarta na iya kai om dubu goma goma har 100,000. Raba 12 da wannan, abin da zai ratsa ka bai kai a ji ba. Amma jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi a kan siminti mai laima, turjiyar na iya faɗowa wajen om 1000, raba 230 da 1000, kusan rubu'in amfiya, alhali na'urar kariya da ake sawa a gidaje tana yankewa ne tun a 0.03 don abin da ya haura haka yana iya taɓa zuciya. To karant ne ke kisa, gaskiya ne, amma boltej ne ke tura shi cikinka. Masu cewa boltej ba komai ba ne su je su faɗa wa taransifoma.

Bala Riwayin: Shi ya sa hita a bokiti take ban tsoro wlh. Mata dan Allah a daina sa hannu a ji ko ruwa ya yi zafi ba a cire ta daga soket ba

Maman Khairat: Malam Bala ka yi shiru kawai, yau zan tara yaran gidan nan

Oga Ɗanladi Wayarin: Kuma kar wani ya ji an ce batir ba ya ja ya raina shi. Sifana ta faɗi ta haɗa kawunan batir biyu ka ga aiki, tartsatsi, ƙarfen ya yi ja, in da zobe a hannunka ya gasa maka yatsa. Ƙarfe ba shi da turjiyar kirki, ɗaruruwan amfiya ne za su bi ta ciki lokaci guda. Ni in zan taɓa batir agogo da zobe nake fara cirewa, sifanar kuma na naɗe ta da tef sai bakin kawai.

Ummi SS3: To tsuntsu da ke zama a kan babbar waya fa?

Injiniya Hauwa: Ƙafafunsa biyu a waya ɗaya suke, tazarar ɗan yatsa, kusan babu bambancin boltej tsakaninsu, to me zai tura karant ta jikinsa? Bambancin da ke tsakanin wuri biyu shi ne magana. Ranar da babban tsuntsu ya buɗe fiffike ya taɓa waya biyu, ranar za ki ji ƙara.

Sani Mai Shago: Jama'a barkanmu da safiya. Na yi gwajin da Malam ya ce. Firiza na aiki na sa mita a kan batir 12.3, na zo bakin inbata na sa 10.2. Na kashe komai na sake gwadawa duka biyun 12.5 suke nunawa. Abdul sai ka zo ka gani da idonka

Abdul Sola: Ai ni tun farko ban musa wayar ba

Malam Kabiru Fiziks: Ka lura da na biyun Sani, da ka kashe kaya babu karant, babu karant babu faɗuwa, shi ya sa mai gwada waya ba kaya a kai kullum zai ce maka lafiya lau. Amma 2.1 ɗin nan ta ɗan fi lissafina. Ko dai kayan sun fi wat 300, ko wayar ba kofa zalla ba ce, ko wani kan waya ya saki a inda aka ɗaure shi.

Oga Ɗanladi Wayarin: Fere bakin wayar ka kankare silin da wuƙa. In ciki ja ne har ƙasa kofa ce. In ka ga fari ya fito alminiyam ne aka yi wa wankan kofa, kasuwa cike take da ita, ga ta ba nauyi, in ka lanƙwasa sau biyu uku ta karye. Ko ka sa mata ashana, sili ɗaya, ta alminiyam nan take za ta lanƙwashe ta zube, kofa kuwa ja za ta yi ta tsaya.

Injiniya Hauwa: Alminiyam turjiyarsa ta fi ta kofa da wajen kashi 60 cikin 100 a kauri ɗaya. Ba wai ba shi da amfani ba ne, manyan layukan kan falwaya ma shi ne saboda sauƙin nauyi da kuɗi, amma can an san shi ne an ba shi kaurin da ya dace. Matsalar a sayar maka da shi da sunan kofa. Wani lokacin ma kofar ce amma an rubuta 2.5 alhali robar ce ta yi kauri silin ciki bai kai ba.

Sani Mai Shago: Na kankare, ja ce har ciki. Amma kan batirin na baƙar waya na tarar murɗa ta kawai aka yi a jikin noti, wurin har ya yi baƙi robar ta ɗan narke

Oga Ɗanladi Wayarin: To ga ragowar lissafin Malam nan. Sakakken kai shi ne ke tayar da gobara fiye da siririyar waya, don ita waya zafin a baje yake a mita 10, shi kuwa a wuri ɗaya kamar ƙwayar gero yake taruwa. Ka sayi kan kebul na kofa a matse shi da abin matsewa, ba a daka da guduma ba, a goge kan batir ya yi haske a ɗaure tam.

Malam Kabiru Fiziks: Ko om 0.02 ne a wurin, da amfiya 25 wat 12 da rabi ke nan a kan noti ɗaya. Ya isa ya narka roba.

Sani Mai Shago: An gama in sha Allah. Kebul 16 zan saya mita ɗaya ja mita ɗaya baƙa in mayar da inbata sito. Nawa zai faɗi a hakan Malam?

Malam Kabiru Fiziks: Mai 16 wajen om 0.00115 ne a mita, mita 2 da amfiya 25 bai kai bolt 0.1 ba. Amma in kana da niyyar wata rana ka ɗora wa inbatar wat 1000 ɗinta cif, amfiya 80 da wani abu za ta ja har ta haura, gara ka sayi 25 tun yanzu.

Injiniya Hauwa: Kuma ka sa fis ko bireka ta batir a jan kebul, kusa da kan batirin. Ka tabbata ta wutar batir ce, ba irin ta allon gida ba, don wutar batir in ta kama tartsatsi ta fi wuyar yankewa. Siton kuma a bar masa iska, inbata ba ta son zafi, batir mai ruwa kuma yana fitar da gas in yana caji.

Abdul Sola: Ni shawarata ma ka ƙaro batir ɗaya ka haɗa su jere, jan wannan a baƙin wancan, ka koma bolt 24. Karant ya dawo 12 da rabi, zafin waya ya dawo kashi ɗaya cikin huɗu

Malam Kabiru Fiziks: Abdul da wace doka ka lissafa wannan?

Abdul Sola: Malam bar ni in sha iska dan Allah hhhh

Ɗan Baba: Sani kar ka ji ta Abdul batir yake son sayar maka

Oga Ɗanladi Wayarin: Maganarsa gaskiya ce amma bai ƙarasa ba. Inbatarka ta bolt 12 ce, ka ba ta 24 hayaƙi za ta yi, sai ka canza ta, ka duba kwantirola mai kula da cajin batir ma ko tana ɗaukar 24, fanel ɗin ma a sake musu haɗi. Kuma in za ka yi, ka yi yanzu da batirin yake sabo, ka samo irinsa sak, kamfani ɗaya 200Ah ɗaya. In ka bari ya shekara ka haɗa shi jere da sabo, karant ɗaya ne ke bi ta cikinsu duka, tsohon zai riga cika ya riga ƙarewa, ya ja sabon su tafi tare.

Isuhu Maraɗi: Baba Ɗanladi to in mutum na da guda biyu amma inbatar ta 12 ce fa, ja da ja baƙi da baƙi?

Oga Ɗanladi Wayarin: Haka ne, boltej na nan 12, ƙarfin ɗaukar lokaci ne ya ninka. Sai dai kar ka ɗauki ja da baƙi duka daga batir ɗaya, na kusa zai riƙa shan wahala na nesa na hutawa saboda 'yar turjiyar kebul ɗin da ke tsakaninsu. Ɗauki ja daga na farko, baƙi daga na biyu, kebul ɗin haɗin kuma tsawonsu ɗaya kaurinsu ɗaya.